Wurin da Nake Rage Sauri

Ƙarfe takwas nake jira a gindin bedi,
da malfa da gorar ruwa.
Yau mutum shida: 'yan jami'a huɗu daga Yamai,
wata likita da ta zo hutu daga Maraɗi,
da wani tsoho mai sanda, bai faɗi garinsu ba.
Jaka bibbiyu. Kabu-kabu ba ya shiga inda za mu.
Na ce kowa ya gyara takalminsa,
Birni da ƙafa ake karanta shi.

Muka bi ta inda ganuwa ta durƙusa
kamar raƙumin da ya daina jin tsawa.
Na nuna duwatsun nan masu sulɓin baya
da suka riga kowa zuwa Damagaram,
gidaje suka zo daga baya suka jingina da su.
Akuya ta hau ɗaya tana tuƙa.
Salula huɗu suka tashi sama. Ta fi ni samun hoto.

Lungu ya matse, muka jeru ɗaya bayan ɗaya.
Warin jima daga zauren dukawa,
Cima mai ƙosai ta ce, Kyari, yau ma da baƙi?
Jarkoki sun yi layi gaban famfo
da bai ce uffan ba tun shekaranjiya.
Wannan ba ya cikin abin da nake nunawa,
amma ido ba ya neman izinina.

A ƙofar fada na ce a rage murya.
Dogari ya amsa sallama, muka shige,
zaure ya miƙa mu ga zaure,
sanyi ya sauko mana daga azara.
Na faɗi abin da nake faɗi kullum:
nan ake jira, nan ake faɗuwa gaisuwa,
ƙofar nan gajera ce don kai ya koyi sunkuyo.
Bakina ya san hanya, ko ina barci zai kai ku.

Bayan masallaci akwai wani lungu.
Nan nake rage sauri, ban taɓa faɗin dalili ba.
Bango ne mai zane, makuba ta yi duhu,
zanko ɗaya ya karye, an toshe gefe da siminti.
Likita ta ce, wa ya yi wannan?
Na buɗe baki in ce maginan da ne, ba a san su ba,
don haka baƙi suka fi son ji.

Tsohon ya riga ni.
Ya jingine sanda, ya kai hannu ƙasa, daidai gwiwa,
inda zanen ya karkace kamar an ture shi.
Ya ce, Mutari ne. Bahago ne.
Ni na kwaɓa masa ƙasar ina ɗan shekara goma,
ruwa ya yi yawa, ya ja mini kunne,
sannan ya ce a bar shi,
bango ma ya san an yi yaro a nan.

Na yi shiru.
Shekara goma sha ɗaya ina wuce babban yatsan ubana
ina kiransa mutanen da,
kada a ce ɗan mai taɓo ne ke zuba musu Faransanci.

Tsohon ya dubi hannun da na riƙe gora da shi.
Ya ce, kai ma da hagu kake nuna hanya.

Sauran zagayen a gurguje na yi shi.
Muka hau dutse, ga tsohon bariki,
ga kwanon Zango yana ƙyalli can nesa.
Shekarun da na haddace suka cakuɗe a bakina,
ɗalibi ɗaya ya gyara mini, na ce na gode.

Da azahar na miƙa wa tsohon jakarsa biyu.
Ya ƙi karɓa. Ya ce gobe ka sa sunan a ciki.

Gobe mutum tara ne.
Tun daga gindin bedi har gida
ina gwada shi a hankali, kada a ce na zautu:
Mutari ya yi wannan.
Mutari, ubana, ya yi wannan.
Na biyun ne har yanzu yake maƙale mini a wuya.